Ina da ciki, ɗana bai fara tafiya ba, uwar mijina ta ce ranar Juma'a za a yaye shi

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, shekarata 23, muna zaune a cikin garin Katsina. Ɗana na fari yana da shekara ɗaya da wata huɗu, amma har yau bai fara tafiya ba. Yana rarrafe, yana kama kujera ya miƙe, har ya bi bango ya zagaya ɗaki, amma da an sake shi sai ya zauna daɓas. 'Yar facalata, wadda ya ba wa wata biyu, tun tana wata 11 take yawo a tsakar gida. Ana cikin haka sai na gane ina da ciki, yanzu wata uku, kuma Allah Ya sani ban shirya masa ba. Sati biyu da suka wuce yaron ya yi gudawa ta kwana huɗu, ya faɗa sosai. Hajiya, mahaifiyar mijina, ta zo daga ƙauye duba shi, tana ganina ta gane. Ta ce ya sha ciki, shi ya sa ƙafarsa ta yi sanyi, in haɗa masa kayansa ranar Juma'a za ta aiko a ɗauke shi a yaye shi a can, ya zauna wurinta sai na yi arba'in. Na yi wa maigidana magana, ya ce shi ba zai yi jayayya da mahaifiyarsa ba. Anti, yaron nan ba ya cin abin kirki, kunu ma sai an yi da gaske, nono kawai ya sani, ga shi da ƙiwa, ba ya yarda da kowa. Ɗan fari ne, in na buɗe baki za a ce ba ni da kunya. Na daina zuwa suna da biki saboda habaicin rurrutsa. In na ba shi nono da dare sai in ji kamar guba nake ba shi, in yi ta kuka. Da gaske nonona ne ya hana shi tafiya? In bari a tafi da shi, ko yaya zan yi?

Wata mai goyo, daga Katsina

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya ba yaron lafiya, ke kuma Ya raba ku lafiya. Tun kafin mu je ko'ina bari in cire miki abin da ke hana ki barci: nononki ba guba ba ne. In ya nema yau da dare ki ba shi, ki share hawayenki. Abin da ciki ke yi wa nono sananne ne. Ruwansa yana raguwa, galibi daga wata na huɗu zuwa na biyar, ɗanɗanonsa ya sauya ya yi ɗan gishiri-gishiri, kan nonon uwa kuma ya riƙa yi mata zafi. Iyakarsa ke nan. Ba ya ruɓewa, ba ya sanyaya ƙafar yaro, kuma wanda ke ciki ba ya yaƙi da wanda ke goye.

Maganar ma ba yau aka fara ta ba. Larabawa suna da irin tsoron nan tun zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. A cikin Muwaɗɗa ta Imam Malik da Sahihu Muslim akwai hadisin Judama 'yar Wahbu, inda ya ce ya yi niyyar hana gila, sai ya duba ya ga Rumawa da Farisawa suna yi kuma ba ya cutar da 'ya'yansu, saboda haka bai hana ba. Imam Malik ya ce abin nufi shi ne miji ya kusanci iyalinsa tana shayarwa, wasu malaman suka ce shi ne mace ta shayar tana da ciki. Ko wanne aka ɗauka, ke dai ba ki yi laifi ba, ba ki kuma zalunci ɗanki ba. Ki riƙe hadisin nan, zai yi miki amfani in an zo zama da maigida.

Amma kada ki ce Hajiya camfi kawai take yi. Abin da idonta ya gani tun tana yarinya gaskiya ne: yaran da uwarsu ta yi rurrutsa da yawa suna ramewa, su yi ta gudawa, gashinsu ya yi ja ya kwanta, wasu ƙafafu su kumbura, wasu a rasa su. Inda aka yi kuskure shi ne wurin ɗora laifin. Yaro yana rayuwa da nono, nono ya ragu, ko a tsinke masa shi rana ɗaya, sannan a bar shi da koko tsararo wanda ba ya riƙe ciki. Yunwa ce ke cin sa a hankali. Wata likitar yara, Cicely Williams, da ta yi aiki a ƙasar da yau ake kira Ghana, ta rubuta bayanin wannan ciwon na kumburi tun 1933, ta kuma lura yaran da aka cire daga nono aka bar su da kokon masara zalla ne yake kamawa. Kin ga ke nan maganin da ake shirin yi wa ɗanki ranar Juma'a, in ba a yi hattara ba, shi ne hanyar ciwon da ake gudu.

Gudawar da ya yi kuwa, ki duba tsakar gidanki za ki ga dalilinta. Yaro mai rarrafe hannunsa a ƙasa yake wuni, takalmi a baki, murfin buta a baki, abin da kaji suka bari ma bai tsira ba. Wannan shekarun su ne na gudawa, da cikin uwa da babu. Ba haƙori ba ne kuma, duk da an fi ɗora masa. Abin da ba ki faɗa mini ba shi ne me aka ba shi. In ruwan gishiri da sukari na leda, wato ORS, aka haɗa masa da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14, to an yi daidai. In magungunan kemis aka tara masa ba a ba shi zinc ba, ki faɗa wa ma'aikaciyar asibiti. Yaron da ya tashi daga gudawa yana bukatar ƙarin ci sau ɗaya a kan wanda ya saba kullum, har kamar sati biyu, don ya maida jikinsa. Kuma a irin lokacin nan da baki ba ya karɓar komai, nono ne abin da ke riƙe shi.

Sai tafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi diddigin lafiyayyun yara a ƙasashe biyar, Ghana da Indiya da Norway da Oman da Amurka, ta fitar da sakamako a 2006. An samu masu sakin hannu su taka tun suna wata 8, an samu waɗanda sai da suka kusa wata 18, kuma duk lafiyarsu ƙalau. 'Yar facalarki tana cikin masu sauri, naki yana cikin masu nawa, dukansu suna cikin iyaka. Abin da ya fi kwantar mini da hankali a wasiƙarki shi ne bin bangon nan. Yaron da zai kama kujera ya ɗaga kansa, ya tsaya, ya bi bango ya zagaya ɗaki, ƙafarsa tana ɗaukar nauyinsa ke nan. Ƙafar da ta yi sanyi ba ta yin haka. Saura ya yarda da kansa ya saki, kuma ciwon da ya yi zai iya ja masa baya da 'yan makonni, don yaron da jikinsa ba ƙarfi ba ya son kasada.

Duk da haka ni ban ga yaron ba, ke kuma idon uwa gare ki, wani lokaci ya ƙara abu, wani lokaci ya rage. Saboda haka kafin Juma'a, gobe ma in da hali, ki ɗauki katinsa na rigakafi ku je asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, ko asibitin mata da yara na Turai 'Yar'aduwa tunda kuna cikin gari. Ki ce a ɗora shi a sikeli a gwada da nauyinsa na baya, a kuma auna damtsensa da ɗan tef ɗin nan mai launi uku. Kore lafiya lau, wato santimita 12.5 zuwa sama. Rawaya ya fara ramewa, sai an tashi tsaye. Ja, ƙasa da 11.5, tamowa ce mai tsanani, za a sa shi a shirin da ake ba da madarar gyaɗar nan ta leda. Za su danna bayan ƙafarsa da yatsa su ga ko wurin zai lotsa, su buɗe fatar idonsa su duba jini. A nan ki tambayi allurar ƙyanda ta biyu da ake yi a wata 15, da bitamin A na kowane wata shida, da maganin tsutsar ciki, don iyaye da yawa daga allurar wata tara suke ajiye katin a ƙasan akwati.

Ke ma akwai abin da za ki lura da shi ki faɗa musu ba sai an tambaye ki ba. Yana amfani da hannu biyu da ƙafa biyu daidai, ko ɓangare ɗaya yake ja? Ƙafafunsa suna sandarewa su harɗe in an tsayar da shi? Wuyan hannunsa ya yi kauri, ko ƙafar ta fara gwamewa fiye da kima? Wannan na ƙarshe ciwon laushin ƙashi ne, kuma binciken da aka yi a Jos aka buga a 1999 ya nuna a ƙasar nan ƙarancin sinadarin kalsiyam a abinci ne ya fi jawo shi, ba rashin rana ba, kuma yana jin magani. Ya taɓa kumburin yatsun hannu ko na ƙafa yana kuka ba dalili? In haka ne a yi masa gwajin sikila, musamman in ku biyun ba ku yi gwajin jini kafin aure ba. Ya yi ciwon shawara mai tsanani a satin haihuwa? Yana waiwayowa in an kira sunansa, yana nuna abu da yatsa, yana da 'yan kalmominsa ko da biyu ne? In duk wannan lafiya, ki ba shi wata biyu. In ya cika wata 18 bai saki hannu ba, likitan yara za ki nema kai tsaye, ba mai ɗori ba, ba mai turare ba.

A gida kuma ki rage masa goyo. Na san mai laulayi ta fi son ta ɗaure shi a baya ta samu ta yi aiki, amma ƙafa a zane ba ta koyon komai. Ki share wuri, ki shimfiɗa tabarma, ki bar shi ba takalmi. Ki tsayar da shi jikin gado, ki ja baya taki ɗaya ki durƙusa, ki miƙa masa hannu kina yi masa tata. In ya faɗi kada ki yi salati da ƙarfi ki zabura, fuskarki yake kallo ya san ko abin tsoro ne. Keken katakon nan mai ƙafa uku da kafintoci ke yi, wanda yaro ke turawa a tsaye, ya fi na roba da ake zaunar da yaro a ciki. Na robar ba ya koya tafiya, ga faɗuwa da ƙuna, har ƙasar Kanada ta hana sayar da shi tun 2004. Ki dai kawar da murhu da bokitin ruwa daga hanyarsa, rijiya kuma a rufe.

Yanzu maganar Juma'a. Ra'ayina a fili yake: kada a tafi da shi wannan Juma'ar. Ki lissafa abin da za a haɗa wa yaro ɗan wata 16 a yini guda. A raba shi da nono, a raba shi da uwa, a kai shi gidan da bai sani ba, ruwan da cikinsa bai saba da shi ba, hannun da yake wa ƙiwa, alhali bai gama murmurewa ba kuma bai iya cin abinci ba. Yaro mai ƙulafucin uwa in aka yi masa haka yakan yi kwanaki yana ƙin ci, ga shi ba shi da tsokar da zai yi asara. Sannan ki duba tsawon zaman. Daga yanzu zuwa haihuwa wata shida, ga arba'in a kai, sama da wata bakwai ke nan, kusan rabin abin da ya yi a duniya. Ya dawo ya tarar da wani a bayanki, a kan cinyarki, a bakin nononsa. Al'adar kai yaro yaye gidan kaka ta yi wa mutane da yawa aiki, amma galibi ƙosasshen yaro ake kaiwa, mai cin tuwo da hannunsa, wanda ya saba da kakar tun yana jariri, kuma ba wata bakwai ake yi ba.

Hajiya fa ba maƙiyiyarki ba ce, kada ki bari ɓacin rai ya sa ki ɗauke ta haka. Matar da ta ce a kawo mata yaro mai rigima ta yi ta fama da kukansa da dare, da wankin kashinsa, a shekarunta, ba mugunta ta kawo ta ba. Tsoro ne, ƙila ta taɓa binne nata ko na maƙwabta. Akwai kuma tausayinki a ciki, ko da bakinta bai iya faɗa da daɗi ba, don ta san wahalar goyo da ciki. Sannan akwai haƙƙin da take ganin tana da shi a kan ɗan fari, wanda a al'adarmu kusan na kakanni ne. In kika tunkare ta da "likita ya ce", abin da za ta ji shi ne yarinyar da aka auro jiya tana koya mata raino. Za ta kafe, kuma ɗanta zai bi bayanta. Abin da take so shi ne a yaye yaron ya tsira, kuma a san da ita aka yi. Duka biyun za ki iya ba ta ba tare da motar Juma'a ta tafi da shi ba.

Maigidanki ne ya ba ni ɗan haushi, ba zan ɓoye miki ba. Cikin nan ba ke kaɗai kika yi shi ba, amma ke kaɗai ake yi wa habaici, shi ya koma gefe ya ce ba ya jayayya. Biyayya ga uwa abin yabo ne, sai dai babu wanda ya ce ya yi jayayya. Aya ta 233 a Suratul Baƙara, wadda ta ambaci shayarwa shekara biyu cikakku ga mai son cikawa, ita ce kuma ta ce in iyayen biyu suka so yaye bisa yardar juna da shawara babu laifi a kansu. Uba da uwa aka ɗora wa, shi da ke. Ki same shi bayan ya ci abinci ya huta, ba a bakin ƙofa yana shirin fita ba, kuma kada ki fara da "mahaifiyarka". Ki fara da yaron. Ki ce masa tsoro kike ji, ki nuna masa damtsen yaron da haƙarƙarinsa, ki roƙe shi abu ɗaya tak: ya raka ku asibiti ya ji da kunnensa. Maza da yawa da ba sa jin maganar matansu suna jin ta ma'aikaciyar asibiti, haka Allah Ya yi su. In Hajiya ba ta koma ƙauye ba, a tafi da ita, a ba ta yaron ta riƙe a gaban sikeli. In ta koma, shi zai taka ya same ta, ba waya ba, da ɗan goronta da sabulunta.

Abin da zai ce mata ba mai tsawo ba ne. "Hajiya, maganarki muka bi, za a yaye shi. Amma mun kai shi asibiti an ce jikinsa bai yi ƙwarin da za a cire shi yanzu ba, sai ya koyi cin abinci. Ke kika san yadda ake sa yaro ya ci. Ki zo ki yi mana sati biyu ki kama mana, in lokacin ya yi a hannunki za a yaye shi." Babu ƙarya a ciki, babu kuma raini. Ke kuma alkunyar ɗan fari ba ta hana ki aika wani ya yi magana a madadinki. In akwai gwaggon maigidan ko yayarsa da Hajiya ke jin maganarta, ki kai mata gaisuwa ki yi mata bayani. Mahaifiyarki kuwa ki sanar da ita, amma kada ta shiga tukuna, kada abu ya koma na surukai biyu.

Shi yayen, a hankali za a yi shi, kuma jikinki ma zai taya ki. Ki bar shi ya maida jikinsa tukuna, sati biyu zuwa uku. Daga nan ki cire shan da bai damu da shi ba, galibi na hantsi, ki sa abinci da wasa a gurbinsa. Bayan kwana huɗu ko biyar ki cire wani. Kada ki yi masa tayi, in ya nema kuma ki fara gwada kofi da kwano kafin ki zauna. Na dare shi ne na ƙarshe kuma shi ne mai wuya, a nan ne uban ko Hajiya za su ɗauke shi su jijjiga, don muddin yana jin ƙamshinki ba zai haƙura ba. Kafin cikinki ya kai wata biyar zuwa shida nonon ya ragu da kansa, yara da yawa ma su suke saki. Lokacin yana da wata 18 ko 19, shekarun da ko ba ciki ake yaye yara da yawa a garuruwanmu. Ranar da za a rufe, Hajiya ta karɓo rubutun yaye in tana so, ta dama kununta, a yi sadaka. Abin da ba na so shi ne shafa maɗaci ko barkono a nono. In nonon ya cika ya yi miki tauri ki tatse kaɗan don ki samu sauƙi, ba duka ba.

Abincin shi ne ainihin aikin, don a shekara ta biyu nono kusan kashi ɗaya cikin uku na bukatar yaro yake biya, sauran daga kwano yake fitowa. Ki soya gero ko dawa sama-sama, da waken suya da gyaɗa, hatsin ya fi yawa, a niƙa a tankaɗe ki ajiye a roba mai murfi. In za ki dama ki yi shi da kauri, wanda in kin karkata cokali ba zai zube ba, ki sa ɗan manja ko man gyaɗa. Tumbinsa ƙarami ne, in kika cika shi da ruwa-ruwa ya ƙoshi bai ci komai ba. Ƙwai dafaffe, wake da ya dahu luguf, alala, awara, hanta in an samu, ɗan kifi da aka cire wa ƙaya, kabewa, dankalin Hausa, garin zogale a miya, gwanda ko ayaba, kindirmo mai tsabta, tuwo mai laushi da miyar kuka ko kuɓewa. Ba sai an haɗa duka a rana ɗaya ba. Sau uku zuwa huɗu a yini, da ɗan abin taɓawa sau ɗaya ko biyu, in an yaye shi kuma a ƙara, a tabbatar yana samun madara ko nonon shanu da aka tafasa. Ki ba shi kwanonsa shi kaɗai don ki san abin da ya ci, ki zaunar da shi kusa da 'yar facalar taki in suna haɗuwa, yaro yana ci in ya ga ɗan'uwansa na ci. Shayi da lemon kwalba da biskit kafin abinci su ne ke kashe masa ci. Kuɗin ƙwai da waken suya kuma aljihun maigida ne, ki faɗa masa adadinsa a sati.

Abu ɗaya za ki tsaya a kai ko gaban wa: ban da ɗura. A kwantar da yaro a cinya, a toshe masa hanci, a tara kunu a tafin hannu a bakinsa yana kuka yana shaƙewa, kunun nan yana iya bi ta hanyar iska ya sauka a huhu. Ana rasa yara ta haka. Wanda ya tsira kuma ya tsani kwano. Cokali kaɗan-kaɗan, sau da yawa, da wasa da haƙuri, ya fi.

Ke ma mai bukatar kulawa ce, jiki ɗaya yana ciyar da uku. Kada kunyar rurrutsa ta hana ki zuwa awo, ki fara yanzu, ki kuma gaya musu kina shayarwa. Za su ba ki maganin ƙarin jini, da na rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake farawa bayan wata uku, da allurar tetanus. Ki ƙara ci, ki sha ruwa, ku kwana cikin gidan sauro ke da shi. Akwai inda shawarata za ta sauya: in kina ganin jini, ko mara tana murɗa miki sosai lokacin da yake sha, ko kin taɓa ɓari, ko aka ce tagwaye ne, ko ke kanki kina ramewa, to likita zai iya cewa a gaggauta yayen. Ko a nan ɗin a gida za a yi shi, kina kusa.

In kuma an yi duk wannan Hajiya ta kafe, maigida ya kasa, kada ki mayar da abin yaji ko rigimar da za ta taɓa aurenki. Ki nemi sassauci. A ɗaga tafiyar sai bayan awo da wata guda na koyon ci. Ki raka shi da kanki ki yi kwanaki a can har ya saba da hannun da zai riƙe shi. A yanka lokaci, sati biyu ko uku, ba sai arba'in ba, don ya dawo ya saba da gida kafin haihuwa. Ki haɗa masa garin kununsa, kofinsa da cokalinsa, gidan sauro, ledojin ORS da zinc, da katinsa. Ki samu wata mai waya a gidan da za ki riƙa kira kullum, uban kuma ya leƙa duk sati. A yi alkawari tun a gabanku cewa in ya ƙi ci yini guda cur, ko gudawa ta dawo, ko zazzaɓi, ko ido ya faɗa, ko ƙafa ta kumbura, a ranar za a kawo shi asibiti, ba a jira a ga abin da jiƙo zai yi ba. In kuwa tef ya nuna ja, babu maganar tafiya ko kaɗan, kuma wannan ma'aikatan asibitin za su faɗa wa maigidan da bakinsu.

Masu habaici kuwa ki ƙyale su, ki sa mayafinki ki je sunanki. Rabin matan da ke wurin in aka lissafa tazarar 'ya'yansu za a samu irin taki. Facalarki ma kada ki riƙe ta a rai don 'yarta ta riga naki takawa. Bayan kin sauka lafiya, kafin arba'in, ku zauna da maigida da ma'aikaciyar asibiti kan tazarar haihuwa. Masana lafiya suna ba da shawarar a samu kamar shekara biyu tsakanin haihuwa da ɗaukar wani cikin, kuma shayarwa tana hana ɗaukar ciki ne kawai a wata shidan farko, in nono zalla jariri ke sha kuma al'ada ba ta dawo ba. Mata da yawa ba a taɓa gaya musu wannan sharaɗin ba, ina jin ke ma haka. In kun dawo daga asibiti ki rubuto mini nauyinsa da launin da tef ya nuna, da abin da Hajiya ta ce, sai mu san inda za mu sa gaba.